Kernza: Ciyawar Daji da Ake Ƙoƙarin Mayarwa Hatsi, da Yadda Ake Nomanta

Wani manomin alkamar rani ya rubuto yana cewa ya ga labarin wata alkama mai suna Kernza wadda ake shukawa sau ɗaya a yi ta girbi shekara bayan shekara. Yana son ya san wace irin shuka ce, yaya ake nomanta, kuma idan ya samo irinta ko za ta yi a gonarsa.

Malam, labarin da ka gani yana da tushe, sai dai akwai gyara tun daga farko, domin wannan shuka ba alkama ba ce kuma ba daga alkama aka fitar da ita ba. Ciyawar daji ce mai shekaru, wato mai rayuwa shekara da shekaru daga gindi ɗaya, wadda masana tsirrai ke kira Thinopyrum intermedium, 'yar dangi ɗaya da alkama da sha'ir, an daɗe ana shuka ta domin kiwo da ingirici kafin wasu masu inganta iri a Amurka su ɗauke ta da nufin mayar da ita hatsi. Kernza sunan kasuwanci ne da cibiyar Land Institute ta garin Salina a jihar Kansas ta yi wa rajista, ana sa shi ga ƙwayar da aka samu daga irin da aka inganta, kuma manomi ba ya sayar da amfaninsa da wannan suna sai da lasisin cibiyar. A ganina, wanda yake son ya fahimce ta sai ya ɗauke ta a matsayin ciyawar da ta baro daji amma ba ta iso rumbu ba tukuna. Alherinta da matsalarta duka daga abu ɗaya suke fitowa, wato ba ta mutuwa bayan ta yi 'ya'ya.

Asalinta tsakiya da kudu maso gabashin Turai ne da yammacin Asiya, daga Turkiyya da tsaunukan Kokasus zuwa Iran da tsakiyar Asiya, wuraren da ake sanyi mai tsanani da dusar ƙanƙara sannan a shiga watannin zafi masu ƙarancin ruwa. An kai ta Amurka a 1932 daga yankin Maikop na Rasha, ta karɓu a filayen kiwo na yammacin ƙasar da na Kanada, har aka fitar da ire-irenta na kiwo irin su Oahe da Luna. Tana rayuwa inda ruwan shekara ya kai milimita 350 ko sama da haka, tana son ƙasa mai laka-laka wadda ruwa ba ya kwanciya a kai, kuma ba ta jure gishiri da kanwa kamar 'yar'uwarta mai tsawo, Thinopyrum ponticum.

Idan ka tsaya a gonarta lokacin da ta fitar da kai, za ka ga kara siriri mai tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da ganye mai faɗin da bai wuce santimita ɗaya ba, launinsa kore mai ratsin shuɗi kamar an barbaɗa masa toka. Zangarniyar siririya ce, tsawonta santimita 10 zuwa 20, yawanci ba ta da gemu irin na alkama, kuma ƙananan rukunan furanni suna jere a kanta ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama, a manne da jikin sandar, kowane rukuni da furanni uku zuwa takwas. Amma rabin shukar da ya fi muhimmanci yana ƙarƙashin ƙasa. Tone gindi ɗaya mai shekara biyu ka karkaɗe ƙasar, za ka tarar da abubuwa iri biyu. Na farko wasu fararen kara ne masu gaɓoɓi da suke rarrafe a kwance ƙarƙashin ƙasa, kowace gaɓa tana da ido wanda zai iya tohowa ya zama sabon kara nesa kaɗan da uwar. Na biyu saiwoyi ne sirara masu yawan gaske, a cunkushe, waɗanda a ƙasa mai zurfi suke iya sauka har mita uku, alhali yawancin saiwar alkama ba ta nisa da mita ɗaya. Abin da ya fi kusa da ita a cikin abin da ka sani shi ne gamba: a yanke ta don zana, wuta ma ta bi ta kanta, amma gindin yana nan da ransa yana jiran lokacinsa. Abincin da alkama ke kwashewa kaf ta zuba a ƙwaya kafin ta bushe, wannan ciyawa raba shi take yi, ta ajiye kaso mai yawa a gindi da saiwa domin baɗi.

Akwai wani bambanci a wajen barbara wanda ya shafi aikin inganta iri ƙwarai. Furen alkama yakan barbari kansa tun kafin ya buɗe, shi ya sa irin alkama yake tsayawa kan kamanninsa shekara da shekaru. Ita kuwa wannan ciyawa ba ta cika karɓar bununin kanta ba, sai iska ta kawo mata na wani gindi dabam. Saboda haka babu gindi biyu a gona da suke daidai da juna, wani dogo wani gajere, wani ya nuna da wuri wani ya makara, kuma abin da ake kira iri a wajenta taron 'yan'uwa ne masu kama da juna kawai.

Ƙwayoyin gadonta suna ɗaure ne a kuromosom 42, wato zaruruwan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, adadi ɗaya da na alkamar burodi, kuma ita ma kamar alkamar ta haɗo gadon kakanni uku, sai dai kakannin nata dabam ne. Wannan kusanci ya isa a yi barbara tsakaninsu a samu 'ya'ya, kuma shi ne ya ja hankalin masanin Tarayyar Sobiyet Nikolai Tsitsin tun daga ƙarshen shekarun 1920, inda ya shafe shekaru masu yawa yana haɗa alkama da ciyawar da 'yan'uwanta don ya samu alkama mai shekaru. Abin da ya riƙa faruwa, da shi da waɗanda suka bi sahunsa, shi ne 'ya'yan da suka gaji yawan ƙwaya sai su mutu bayan girbi ɗaya ko biyu, waɗanda suka gaji tsawon rai kuma sai su yi ƙwaya kaɗan ko su zama juya, domin kuromosom ɗin iyayen biyu ba sa jeruwa da juna yadda ya kamata. Duk da haka wahalar ba ta tafi a banza ba. Ta wannan hanya aka ɗebo ƙwayoyin gadon juriyar cuta daga ciyawar aka sa wa alkama, irin su Wsm1 da Bdv2 masu kare ta daga cututtukan bairos guda biyu, da Sr44 mai kare ta daga tsatsar kara, har da nau'in Ug99 da aka fara gani a Yuganda a ƙarshen shekarun 1990 ya bazu zuwa Kenya da Habasha. Na kan ce ko da Kernza ba ta taɓa shiga kasuwa ba, ciyawar ta riga ta yi wa manomin alkama rana ta wannan ɓangare.

Hanya ta biyu ita ce a bar alkama gefe, a ɗauki ciyawar kanta a yi ta zaɓe har ta zama hatsi, yadda mutanen farko suka yi da kakannin alkama dubban shekaru da suka wuce. A 1983 Peggy Wagoner ta cibiyar Rodale a jihar Pennsylvania ta gwada ciyayi masu shekaru kusan iri ɗari, ta zaɓi wannan saboda ƙwayarta ta fi ta sauran girma, tana da daɗin ci, kuma injin girbi yana iya yankarta. Cibiyar ta yi zagaye biyu na zaɓe tare da wata tashar Ma'aikatar Noma ta Amurka da ke Big Flats a jihar New York. Daga nan irin ya koma Land Institute, wadda Wes Jackson da Dana Jackson suka kafa a 1976, inda Lee DeHaan ya fara zaɓe a kansa a 2003. Jami'ar Minnesota ta shiga aikin a 2011, kuma a 2019 ta fitar da MN-Clearwater, iri na farko da aka saki domin abincin mutane, wanda aka gina daga barbarar iyaye bakwai. A Rasha ma jami'ar noma ta Omsk ta yi rajistar iri mai suna Sova a 2020.

Abubuwan da masu zaɓen ke nema su ne waɗanda suka raba kowane hatsi da ciyawar daji: ƙwaya ta yi girma, ta daina kakkaɓewa ƙasa da zarar ta nuna, ta riƙa fita daga ɓawonta a wajen sussuka, kara ya gajarta don kada ya kwanta, kuma gona ta nuna lokaci ɗaya. An ci gaba, musamman tunda aka fara karanta ƙwayoyin gadon tsiro tun yana ƙarami a hasashe wanda zai yi kyau, abin da ya mayar da zagayen zaɓe shekara ɗaya maimakon biyu ko uku. Amma lissafi bai ɓoye komai ba. Zuba ƙwayar MN-Clearwater a tafin hannu kusa da ta alkama, za ka ga siririya ce doguwa mai duhu, ƙwaya dubu nauyinsu kusan giram 7, ta alkama kuwa giram 35 zuwa 45. A gwajin da aka yi kafin sakin irin, matsakaicin amfaninsa kusan kilo 700 ne a hekta, alhali matsakaicin alkama a duniya ya kai tan uku da rabi. A cikin duk abin da shukar ta fitar a saman ƙasa, ƙwaya kusan kashi 10 cikin ɗari ce kawai, a alkamar zamani kuwa kashi 40 zuwa 50.

Game da noma, zan ba ka yadda ake yi a arewacin tsakiyar Amurka, jihohin Minnesota da Wisconsin da maƙwabtansu, domin can ne aka fi sanin halinta. Ana shuka daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, don tsiron ya kafu ya yi 'ya'yan gindi kafin ƙasa ta daskare. Gyaran ƙasa yana bukatar kulawa fiye da na alkama, a farfasa hoge a daddanne ƙasar, saboda ƙwayar ƙarama ce kuma ba ta da ƙarfin huda ƙasa mai kauri. Ba a binne ta fiye da santimita ɗaya da rabi. Ana zuba iri kilo 11 zuwa 17 a hekta, a layuka masu tazarar santimita 15 zuwa 30, ko kuma a buɗe su har 60 ko 75 idan ana son shiga tsakani da garma daga baya. Watannin farko su ne masu hatsari, domin tsiron yana jinkirin tashi sama yayin da yake gina saiwa, ciyayin gona kuma ba sa jiran kowa. Ga shi kuma ita kanta ciyawa ce, maganin da zai kashe ciyayi masu siririn ganye zai haɗa da ita. Shi ya sa ake zaɓar gona mai tsabta tun farko, galibi bayan amfanin gona na dangin wake, kuma a guji gonar da aka cire alkama ko hatsin rai, wani ɗan'uwan alkama da ake nomawa a ƙasashen sanyi, don kada gyauronsu ya gauraya da ƙwayar. Idan ta kafu ta rufe ƙasa, daga shekara ta biyu ita ce ke danne ciyayin.

Takin naitirojin da aka saba ba ta kilo 60 zuwa 90 ne a hekta kowace shekara. Wanda ya wuce haka da yawa yakan samu dogon kara mai laushi da zai kwanta da iskar farko, ƙwayar kuma ba ta ƙaru ba. Wasu suna shuka ta tare da alfalfa ko wata ciyawar dangin wake a tsakanin layuka don rage sayen taki da ƙara ingancin abincin dabba, ko da yake idan abokiyar zaman ta yi ƙarfi takan rage ƙwayar.

Bayan sanyi ya wuce sai ta farfaɗo a Afrilu, ta fitar da kai a Yuni, a girbe daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta, wato kusan wata goma sha ɗaya bayan shuka. Girbin yana da wuyar sha'ani. Zangarniya takan nuna daga sama zuwa ƙasa, gindi kuma ba sa nuna tare, saboda haka idan ka jira na baya na farko ya zube, idan ka yi sauri ka kwaso ɗanye. Ƙari a kan haka, ƙwaya tana bushewa alhali kara da ganye suna nan kore shar, tunda shukar ba mutuwa za ta yi ba, kuma ɗanyen kara yana shaƙe injin sussuka. Dalilin ke nan da ya sa manoma da yawa suke yankewa su shimfiɗa a layi na 'yan kwanaki ya sha iska kafin inji ya bi ya ɗauka. Bayan sussuka wani kaso na ƙwayar yana fitowa da ɓawonsa, sai an kai wurin injin ɓarewa, sannan a busar da ita har damshinta ya sauka zuwa kashi 13 kafin ajiya. Ana kuma tace ta saboda wani fangas mai suna Claviceps purpurea, wanda ke shiga ta buɗaɗɗen fure ya mayar da ƙwaya baƙin dunƙule mai guba.

Babbar matsalar da labaran intanet ba su cika faɗa ba ita ce raguwar amfani. Girbin farko da na biyu su ne masu auki, a shekara ta uku kuwa ƙwaya takan faɗi da rabi ko fiye, duk da cewa gonar a ido ta fi kyau, ta cika ta yi duhu. Waɗancan kara masu rarrafe su ne sanadi mafi girma: suna cike tsakanin layuka, tsiro ya yi yawa, kowanne yana gasa da ɗan'uwansa a kan haske da ruwa da taki, sai kason karan da ke fitar da zangarniya ya ragu, zangarniyar ma ta ƙanƙance. Ciyawar da ta riga ta mallaki wuri ba ta da wata bukata ta gaggawa ta zubar da iri, gadon da ta taho da shi daga daji ke nan. An gwada dabaru da dama: a keta tsakanin layuka da garma a yanke masu rarrafen, a kwashe karan bayan girbi don haske ya kai gindi, a ƙone, a sa dabbobi su yi kiwo, a buɗe tazarar layi tun wajen shuka. Wasu daga cikinsu suna taimakawa a wasu gonaki, amma babu wadda ta kawar da matsalar. A aikace manomi yakan ɗauki ƙwaya shekara biyu zuwa huɗu, sannan ya bar gonar ta zama makiyaya ko ya kafce ta ya koma wani amfanin. Maganar shuka sau ɗaya har abada ba ta taso ba.

Za ka iya tambaya, to me ya sa ake wahala da ita? Amsar tana cikin saiwar. Gonar alkama ko masara a can takan zauna tsirara watanni da yawa a shekara, ruwa da iska suna kwashe ƙasa, ragowar taki yana tsiyaya zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Gonar Kernza a rufe take duk shekara kuma ba a kafce ta. Wani gwaji a jihar Michigan da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa a shekara ta biyu naitiret, wato ragowar takin naitirojin, da ke tsiyaya ƙarƙashinta ya ragu da kashi 86 cikin ɗari ko fiye idan aka kwatanta da alkama. Saboda haka ne a Minnesota ake ƙarfafa shuka ta a filayen da ke kewaye da rijiyoyin da garuruwa ke sha. Sannan akwai abincin dabba, tan da dama a hekta na kara bayan girbi da kuma sabon tohon da ke biyo baya a kaka, wanda sau da yawa shi ne ke cike giɓin kuɗin da ƙwaya ta bari. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ba da dala miliyan 10 a 2020 don ci gaba da bincike a kanta. Duk da haka filin da ake nomanta bai wuce 'yan dubban eka ba, alkama kuwa tana cin hekta kusan miliyan 220 a duniya.

Ta fuskar abinci, ƙwayar ta fi alkama furotin da dusa, tana da sinadarin gulutin amma irin wanda ba ya riƙe kwaɓi, don haka burodinta zalla ba ya tashi sosai. Gauraya garinta ake yi da fulawa, ko a yi taliya da biskit da ita. Mai cutar da ke hana cin alkama ita ma ba zai ci ta ba.

Saura tambayarka ta ƙarshe, kuma amsar ita ce ba za ta yi maka ƙwaya ba, kada ka kashe kuɗinka. Wannan ciyawa ba ta fitar da kai sai ta bi matakai biyu a jere. Da farko gindinta yana bukatar sanyi na kusan digiri 5 na tsawon makonni, wajen bakwai kafin a ce kowane gindi ya shirya, a lokacin da yini yake gajere. Bayan haka tana bukatar yini mai tsawo, awa 13 zuwa 14, kafin karan ya miƙe ya haifi zangarniya. Ko a Amurka wanda ya shuka ta a Afrilu ganye kawai zai samu a wannan shekarar. Hunturunmu kuwa, ko a daren da ya fi tsanani a Kano ko Haɗeja, da wuya ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10, da rana kuma ya koma kusan 30, ga shi yinin da ya fi tsawo a Kano, a watan Yuni, bai cika awa 13 ba. Alkamar da kake shukawa daga tsakiyar Nuwamba ka girbe a Maris, irin wadda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ke fitarwa, tana yi ne saboda nau'inta ba ya bukatar wancan sanyin. Ko don kiwo kaɗai ban ba ka shawarar ta ba, domin ciyawar sanyi ce wadda girmanta ya fi kyau tsakanin digiri 15 da 25, kuma zafin Afrilu da Mayu zai tsayar da ita idan bai kashe ta ba.

Idan tunanin hatsi mai shekaru ne ya burge ka, akwai aikin da ya fi kusa da yanayinmu. Masu bincike suna haɗa dawa da wata 'yar'uwarta ta daji mai kara mai rarrafe, Sorghum halepense, kuma an gwada 'ya'yan a Yuganda, sai dai har yanzu aikin yana matakin gwaji. Wadda ta riga ta isa hannun manoma ita ce shinkafa. A 1996 aka yi barbarar wata shinkafar Tailan mai suna RD23 da shinkafar daji ta Afirka, Oryza longistaminata, daga wani iri da asalinsa Nijar ne, kuma bayan zaɓe na shekara ashirin da 'yan kai aka saki irin shinkafa mai shekaru mai suna PR23 a lardin Yunnan na ƙasar Sin a 2018. A gwajin da aka yi can, daga shuka ɗaya an girbe ta sau takwas cikin shekara huɗu, matsakaicin kowane girbi tan 6.8 a hekta, kusan daidai da shinkafar da ake sake dasawa kowane zango. Sharaɗinta shi ne gindin ya samu ruwa tsakanin girbi da girbi, a kuma sa ido kan ciyayi da ƙwari da ke zama a tsohon gindi, kuma ita ma daga shekara ta biyar amfaninta yana raguwa, sai an sake dasa sabuwa.